Babbar manhajar ba ta fito ba, an ce har an fara ɗinka mata faci

Tambaya: "Assalamu alaikum. Malam, kwanakin nan ina ta karanta raɗe-raɗin cewa kamfanin da ke shirin fitar da sabuwar babbar manhajar kwamfuta ya riga ya fara aikin sabuntawarta ta farko, alhali ita kanta manhajar ba ta shigo kasuwa ba. Har hotunan allo na gani masu wasu dogayen lambobi a ƙasa. Abin ya ɗaure mini kai. Idan sun san tana da matsala, me zai hana su gyara kafin su sayar mana? Ko dai ɗanyen aiki suka yi? Ina da kwamfutoci shida a wurin aikina, ina tunanin kada in ɗora ta sai wannan sabuntawar ta fito. Mene ne shawararka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, abin da ya tsaya maka a rai shi ne tela bai ba ka rigarka ba tukuna, ga shi ka ji an ce har ya yanki ƙyallen faci ya ajiye. Dole mutum ya yi zargin ko rigar a yage take.

Ba ka ambaci sunan manhajar ba, amma ba sai ka ambata ba, domin irin wannan labari yana dawowa kusan duk sa'ad da wata babbar manhaja ta kusa fitowa. Kafin Windows 8 ta shiga kasuwa a Oktoban 2012 an riga an fara jin sunan Blue, wanda daga baya ya zama Windows 8.1. Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yulin 2015, amma tun a watan Afrilu masu bibiyar Microsoft suke maganar Redstone, sabuntawar da ba ta iso hannun jama'a ba sai Agustan 2016. Duka biyun sun tabbata. Saboda haka abin da ka karanta ma mai yiwuwa ne ƙwarai yana da tushe, ruwa ba ya tsami banza. Inda nake da ja shi ne fassarar da ake yi wa labarin. Fara aikin sabuntawa da wuri ba ya gaya maka komai game da ingancin manhajar, domin mai kyau da marar kyau duk haka ake yi musu.

Ranar da ake rufe ƙofa

Ranar da manhaja ta fito kasuwa daban, ranar da aka gama ta daban. Ɗauki Windows 7. Microsoft ya sanar da kammala ta ranar 22 ga Yulin 2009, amma ba a fara sayar da ita ba sai 22 ga Oktoba. In ka duba cikakkiyar lambar gininta za ka ga 7600.16385.win7_rtm.090713-1255. Wutsiyar nan kwanan wata ce da lokaci: 13 ga Yulin 2009, ƙarfe 12:55. Daga wannan lokacin ba a sake ƙara ko harafi ɗaya a abin da aka buga a faifai ba. A cikin wata ukun da suka biyo baya ne kamfanonin ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo suka karɓe ta, suka ɗora a injinansu, suka gwada, aka sa a kwali, aka yi jigila zuwa ƙasashe. To injiniyoyin da suka rubuta ta fa, me za su yi a wannan tsakanin? Ba za a biya su albashi su zauna suna kallon kalanda ba. Komawa suke yi kan jerin matsalolin da aka ɗage.

Ƙofar kuma a hankali ake tura ta. Watanni kafin kammalawa ake hana shigar da sabon abu, sai gyara kawai. In an matso, gyaran ma ba kowane ake karɓa ba. A makonnin ƙarshe sai injiniya ya tsaya gaban manya ya kare dalilin da ya sa za a taɓa ko layi ɗaya.

Nan ne amsar tambayarka ta "me zai hana su gyara" take. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san gyara ma ɓarna yake yi. Na taɓa aiki da wata 'yar tawaga, mu bakwai, muna haɗa manhajar ajiye bayanan kaya da buga rasit. Saura kwana huɗu mu miƙa ta, wani abokin aikinmu ya lura a wani shafi kwanan wata yana fitowa da wata a gaba rana a baya, alhali ko'ina rana ce a gaba. Layi ɗaya ya canza, kowa ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Washegari mai yi mana gwaji ta shigo da takarda a hannu ta ajiye a tebur ba ta ce uffan ba. Rahoton ƙarshen wata ne, ya fito da kan magana da layukan jadawali, ciki fayau. Ashe akwai wani ɓangare da aka rubuta shekara biyu baya wanda yake karanta kwanan watan a tsohon tsarinsa, kuma babu wanda ya tuna da shi. Sai da muka kwana a ofis.

Tun daga nan muka kafa doka. A makon ƙarshe kullum da safe mukan zauna mu bi jerin matsaloli ɗaya bayan ɗaya. In matsala za ta goge wa mutum bayanai, ko ta hana shi aiki gaba ɗaya, ko ta buɗe wa ɓarawo ƙofa, a gyara yau. In ba haka ba, a rubuta mata "na gaba" a gefe. Wannan "na gaba" ɗin ita ce sabuntawar farko. Kafin mu miƙa manhajar, jerin ya haura abu talatin, kuma mutum biyu daga cikinmu sun riga sun fara aiki a kansa. Da wani ya leƙo ya gani, da ya fita ya ce muna gyaran abin da ba mu sayar ba. Kuma bai yi ƙarya ba.

Yanzu ka ninka wannan da miliyoyin layuka da dubban ma'aikata. Abin da ake yi shi ne a raba aikin reshe biyu. Reshe ɗaya a kulle shi, shi ne zai je kasuwa. Ɗaya reshen a bar shi a buɗe, duk gyaran da aka hana shiga na farko sai ya zuba a can. Sunan reshen yakan fito a cikin lambar gini, kamar win7_rtm da ka gani a sama. Na Service Pack 1 kuma, wato babban ƙunshin gyaranta na farko, win7sp1_rtm ne, lambarsa 7601. Da zarar wani ya hango sabon sunan reshe a hoton da ya ɓulla, labari ya tashi.

In kana son ganin wannan da idonka ba tare da jita-jita ba, dubi Linux, wata babbar manhajar kwamfuta irin Windows, inda ake komai a bainar jama'a. Zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, tana fitowa kusan duk bayan mako tara zuwa goma. Mako biyun farko ne kawai Linus Torvalds, jagoran aikin, yake karɓar sababbin abubuwa, sauran makonnin na gwaji da gyara ne. Wanda ya makara, aikinsa yana jira a wani reshe da ake kira linux-next, wanda tun 2008 ake tara kayan fitowa ta gaba a cikinsa. Wato a kowace rana ta Allah ana aikin sigar da za ta biyo bayan wadda ba ta fito ba, kuma babu mai kiran wannan abin kunya, saboda kowa yana gani. A kamfanin da ke aiki a ɓoye ne abu na yau da kullum yake zama labari.

Wani abin dariya ma, Windows Server 2008 ta fito ne tun ranar farko da tambarin Service Pack 1 a jikinta, saboda daga reshe ɗaya aka ciro ta da Service Pack 1 na Windows Vista. Babu wanda ya taɓa sayen wadda ba ta da shi.

Abin da gwaji ba ya gani

Akwai kuma wani ɓangare da masu raɗe-raɗi ba su cika faɗa ba. A lokacin da ake wannan maganar, sabuntawar rabinta babu komai a ciki. Manyan matsalolin da za su sa mutane kuka ba a gano su ba tukuna, domin ba sa fitowa sai manhajar ta haɗu da duniya: tsohuwar firintar wani, katin hoton wani, manhajar lissafin da wani ofis yake amfani da ita shekara goma sha biyar. Babu ɗakin gwajin da ya tara duk waɗannan. Babban abin da ya ɓata wa Vista suna bayan fitowarta a Janairun 2007 shi ne direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da na'urorin da ake jona mata. Microsoft ya canza tsarinsu, masu ƙera na'urori da yawa ba su shirya ba, ga kuma nauyin da ta yi wa kwamfutocin lokacin. Yawancin wannan gyaran ba a hannun Microsoft kaɗai yake ba.

Kada kuma ka ɗauka sabuntawa kullum sauƙi take kawowa. A Oktoban 2018 Microsoft ya fitar da babbar sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809, cikin 'yan kwanaki ya janye ta saboda tana goge wa wasu mutane fayilolinsu, ba a sake sakin ta ba sai Nuwamba. A wannan karon wanda ya tsaya a kan tsohuwar shi ya tsira.

Yadda nake karanta irin wannan labarin

In na ga raɗe-raɗi, abin da nake fara tambaya shi ne me aka gani. Wani lokaci lambar gini ce a ƙasan hoton allo. Wani lokaci masu shafukan intanet ne suke lura a rajistar maziyartansu cewa wata kwamfuta ta shigo da sigar manhajar da ba a sanar ba, galibi ma'aikacin kamfanin ne yake yawo a intanet da injin gwaji. Wani lokaci tallar neman ma'aikata ce, ko wani injiniya ya rubuta sunan aikin a takardar tarihin aikinsa bai yi tunani ba. Duk waɗannan abu ɗaya suke tabbatarwa: akwai reshe, ana aiki a kansa. Ba sa faɗin ranar fitowa, ba sa faɗin abin da zai kasance a ciki. Sauran bayanin da ake liƙa wa labarin, yawanci shaci-faɗin marubucin ne, domin "an ga sabuwar lamba" ba ya cika shafi.

Ko abin da kamfani ya faɗa da bakinsa ma yakan rushe, balle na bayan fage. A 2003 Microsoft ya nuna wa duniya Longhorn, sabuwar Windows da yake ginawa a lokacin, da sabon tsarin ajiyar bayanai mai suna WinFS. A 2004 aka cire WinFS daga shirin, aka sake ginin daga wani tushe, abin da ya fito a ƙarshe shi ne Vista. An sanar da Windows 10X a Oktoban 2019, aka soke ta a Mayun 2021 ba tare da ta fito ba. Lokacin da aka gabatar da Windows 11 a Yunin 2021 an ce za ta riƙa ɗaukar manhajojin Android. Ranar 5 ga Oktoba ta fito babu su, suka iso daga baya, sannan a Maris ɗin 2025 aka daina tallafa musu ɗungurungum. Wanda ya tsara sayen kwamfuta a kan wannan alkawarin ka ga inda ya tsaya.

Hoton allo kuwa, yaro mai ɗan wayo zai ƙirƙira shi cikin minti goma. Su kuma kwafin gwajin da suke ɓulla a intanet ta bayan gida, don Allah kada ka ɗora su a kwamfutar aiki. Wasu na gaske ne, kamar ginin Windows 11 mai lamba 21996 da ya ɓulla kwanaki kafin sanarwar. Amma kai da ke saukewa ba ka da hanyar sanin hannu nawa ya bi kafin ya iso gare ka, ko me aka cusa a ciki, kuma irin wannan kwafin yawanci yana da ranar da zai daina aiki. Mai son ɗanɗana abu kafin ya fito yana da hanyar halal: Microsoft yana da shirin Windows Insider tun 2014, Apple ma yana ba jama'a kwafin gwaji.

Inda zarginka yake da gaskiya

Ba zan wanke kamfanonin nan tas ba. Akwai lokutan da kalanda ce take yanke hukunci, injiniya yana ji yana gani. An yi wa masu ƙera kwamfuta alkawari, an biya kuɗin talla, kasuwar ƙarshen shekara ta ƙarato, sai a saki abin a yadda yake. Mac OS X ta farko da Apple ya fitar a Maris ɗin 2001 ko faifan DVD ba ta iya kunnawa, ga rashin sauri. Sai da siga ta 10.1 ta zo bayan wata shida abin ya fara daidaita, kuma kyauta aka ba waɗanda suka sayi ta farkon. Windows 8 an kammala ta farkon Agustan 2012, amma tun kafin ranar 26 ga Oktoba da aka fara sayar da ita Microsoft ya riga ya saki wani babban ƙunshin gyara. Windows 11 ta fito ba a iya jan fayil a jefa shi a kan manhajar da ke layin ƙasan allo, abin da mutane suka saba yi shekara da shekaru, ba a dawo da shi ba sai a sabuntawar Satumban 2022.

A ganina intanet ta sangarta masu manhaja. Zamanin da faifai ne kawai hanya, kuskure yana nufin a sake bugawa a sake aikawa, don haka ana jin tsoronsa. Yanzu da ake iya tura gyara cikin dare, kalmar "na gaba" ta yi arha, har ana jefa abubuwan da bai kamata ba a cikinta. Sai dai ka lura, a duk misalan nan ba raɗe-raɗin sabuntawa ne ya fallasa matsalar ba. Waɗanda suka riƙe manhajar a hannu suka gwada su ne suka faɗa. Windows 7 ma an ɗage mata gyare-gyare kamar kowa, amma ta fito lafiya lau.

To kwamfutocinka shida fa?

Tunanin da ka yi tsohuwar doka ce a wurin masu kula da kwamfutocin ofis: kada a ɗora Windows sai Service Pack 1 ya fito. Ta yi amfani a zamaninta, musamman ga Vista, wadda nata ya zo a farkon 2008 ya rage mata ciwo sosai. Amma ga Windows 7 dokar ta ci mutane. Nata bai fito ba sai Fabrairun 2011, wata goma sha shida bayan fitowarta, kuma ga mai kwamfutar gida ko ƙaramin ofis kusan tarin gyare-gyaren da aka riga aka raba ne a wata-wata. Wanda ya jira bai samu wani abin kirki ba sai ɓata lokaci. Daga Windows 8 kuma aka daina Service Pack gaba ɗaya. Yanzu gyara yana zuwa ne kowane wata, a Talata ta biyu, tsarin da Microsoft ya fara tun Oktoban 2003, don haka babu wata rana guda da za ka ce yau manhajar ta nuna.

Duk da haka jira na ɗan lokaci yana da ma'ana, har masu manhajar ma sun yarda da shi. Ubuntu, wani nau'in Linux, ba ta yi wa masu tsohuwar sigarta mai dogon tallafi tayin hawa sabuwa sai bayan ƙunshin gyara na farko ya fito, watanni kaɗan bayan sabuwar ta fito a Afrilu. Ni abin da nake yi a wuraren da nake kula da su shi ne in bar wata ɗaya ko biyu su wuce, gyaran wata-wata ya zagayo sau biyu, in karanta shafin da kamfanin yake wallafa matsalolin da ya amince da su. Sannan in zaɓi kwamfuta ɗaya ta zama zakaran gwajin dafi. Ba wadda ba a amfani da ita ba, wannan kuskure ne da na ga ana yi. Wadda take kwance a lungu ba za ta nuna maka komai ba. A zaɓi wadda ake aiki na gaske da ita amma in ta tsaya kwana ɗaya ba za a rufe ofis ba. A kwashe kwafin fayilolinta zuwa wani wuri, a ɗora, a yi mako biyu ana buga takarda, ana sikanin, ana shiga banki, ana duk abin da aka saba. A Windows 10 da 11 akwai damar komawa tsohuwar siga cikin kwana goma, ka sa wannan wa'adin a ranka, domin bayansa fayilolin komawar gogewa suke yi.

Abu ɗaya da ba a jinkirtawa shi ne facin tsaro na manhajar da kake kai yanzu. Cutar WannaCry da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa a Mayun 2017, har da na asibitocin Ingila, ta bi ta wata kafa ce da Microsoft ya toshe tun watan Maris. Waɗanda ta kama, galibi ba su ɗora facin ba ne ko kuma suna kan tsohuwar manhajar da aka daina kula da ita. Don haka ka duba ranar da za a daina tallafa wa wadda kake kai, wannan ranar ita ce iyakar jiranka.

Ni dai ban taɓa aiki a cikin Microsoft ko Apple ba, abin da na faɗa maka kan yadda ake rufe ƙofa daga ƙaramin aikin da na yi ne da abin da kamfanonin suka bayyana da kansu. Kuma ban ga kwamfutocinka ba. In a cikin shidan akwai wadda aka jona wa tsohuwar firinta ko sikana, ko wadda take ɗauke da manhajar lissafi ko ta albashi da wani ƙaramin kamfani ya haɗa muku, ita za ka bari ta ƙarshe. Ka tuntuɓi wanda ya haɗa manhajar ya gaya maka a rubuce ko ya gwada ta a sabuwar, ka kuma shiga shafin mai firintar ka ga ko ya fitar da sabon direba. In bai fitar ba, wannan kwamfutar ta zauna yadda take, ko da sauran biyar ɗin sun wuce.